Ranar da Na-Iya Ya Ce Bai Iya Ba

An ce wutar lantarki ce ta ɗauki Na-Iya daga kicin ɗin mutane, ta wurgo shi ta taga, ya faɗa cikin tankin ruwan maƙwabta. An ce tun ranar, in ya saka ƙwan fitila a baki sai ya kama, har matarsa ta daina kai wayarta caji, a aljihunsa take sakawa. Duk ƙarya ce. Zancen tanki ban san mai shi ba, amma na ƙwan fitila, gaskiya ni na ƙara, don labarin ya yi gishiri. Wuta ba ta taɓa ko farcensa ba. Bakinsa ne ya ja shi, kuma kotu ya kai shi.

Na-Iya ɗan gwaggona ne, kafinta mai haɗa kabad ɗin kicin. A katako kam ba a ja da shi: durowar da ya haɗa, da ɗan yatsa ake tura ta. Matsalarsa ɗaya, tun yana yaro ba a taɓa ambatar wani aiki a gabansa ya yi shiru ba. Agogon bangon Gwaggo ya tsaya, ya ce na iya. Yau agogon yana tafiya, amma da baya. Ya taɓa yi mini aski, na yi sati da hula har a banɗaki. Da haka sunan ya bi shi, har 'ya'yansa sun ɗauka shi aka raɗa masa.

To, sai wani dattijo da ake kira Baba Maneji ya ba shi aikin sabunta kicin. Baba Maneji mutum ne da bai yarda abu ya mutu ba, sai dai ya suma. Na-Iya ya ɓalle tsohon kabad, sai ga wayar wuta a bayansa, ta yi baƙi ƙirin, robarta ta zube, an ƙulla ta da ledar burodi. Soket ɗin gefenta ya narke kamar kyandir.

Ya kira maigidan.

"Baba, wannan wayar ta gaji. A nemo mai gyaran wuta kafin in rufe."

"Kai yaro, wayar nan ta girme ka, ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Masu gyaran wuta kuwa, ka kira su duba soket ɗaya su ce a fasa gida." Sai ya kalle shi ta saman tabarau. "Ko dai ba ka iya ba ne?"

Nan aka taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Zuciyarsa ta ce gudu, bakinsa ya ce, "Haba Baba, ni? Na iya mana!" Ya kashe wutar gidan, ya naɗe wayar da baƙin salatif har ta yi ƙiba, ya manna sabon kabad a kai, ya kaɗe hannu. "An gyara. Ka kwana da sakin jiki."

Ba a rufa wata biyu ba, matar gidan ta jona firij da abin dafa ruwa a lokaci guda. Hayaƙi ya turnuƙe daga bayan kabad. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, amma rabin kicin ya zama gawayi. Baba Maneji, wanda bai iya biyan mai gyaran wuta ba, sai ga shi ya iya ɗaukar lauya. Sammaci ya iso shagon Na-Iya: a ɗora masa asarar duka, har da sake wayoyin gidan. Ya dubi injin yankan katakonsa, ya san in aka ɗora masa, shi zai fara sayarwa, shagon ya biyo baya.

Ni na ba shi shawara irin ta masana, domin na leƙa sakandare kafin ta gaji da ni. Na ce, "Ka ce ba ka taɓa shiga gidan ba." Ya ce, "Kabad ɗin fa, aljanu suka kafa?" Na ce to ya nemi wani lauyan.

Ranar shari'a dangi muka cika benci. Aka kawo wani mai gyaran wuta da ya duba gidan, ya ce wayar ta ruɓe tun kafin wanda ake ƙara ya fara riƙe zarto. Na-Iya ya saki ajiyar zuciya. Amma lauyan Baba Maneji ya ɗaga guntun salatif da ya ƙone, ya ce, "Wannan fa, shi ma tsoho ne? Kafintan nan ya ce wa dattijo an gyara, dattijo ya yarda."

Alƙali ya gyara zama. "Malam kafinta, ba kai ka ja wayar ba, na ji. Tambayata ɗaya. Ka iya aikin wuta? In ka iya, to gwani ne ya ga haɗari ya rufe shi da katako."

Ya waiwayo, ya ga Gwaggo ta daina jan carbi, matarsa ta dafe ƙirji, ni kuma na miƙa wuya kamar zakara. Kalmar "na iya" tana bakinsa, ta saba hanya. Ya tuna injinsa. Ya haɗiye ta da ƙyar, kamar ƙwayar magani ba ruwa.

"Ranka ya daɗe... ban iya ba."

"Ɗaga murya."

"Ban iya ba!"

Gwaggo ta ce, "Alhamdu lillahi, na ga wannan rana da raina!" Sai da ɗan sandan kotu ya tsawatar.

"To me ya sa ka ce an gyara?"

"Ranka ya daɗe, bakina ne yake riga ni zuwa wurin aiki."

Alƙali ya raba musu laifin. Ruɓaɓɓiyar waya ta mai gida ce, tunda an gaya masa ya ƙi ji, shi zai sake ta. Wanda ya naɗe ta ya ce ta warke kuma, zai sake haɗa kabad daga aljihunsa. Injin ya tsira, shagon ya tsira, sunan ne dai ya ji rauni.

Yanzu Na-Iya ko tsohon soket ya hango, sai ya tattara kayan aikinsa ya zauna a ƙofar gida, ya ce ba ya huda bango sai mai gyaran wuta ya zo ya gani da idonsa.

Shekaranjiya na same shi a shago yana goge katako. Na ce, "Sannu da aiki, Malam Ban-Iya-Ba! A maimaita mana, mu na bencin baya ba mu ji da kyau ba."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ni sau ɗaya na faɗa, shi ma sai da alƙali ya matsa mini. Kai kuwa malamanka ne suka rubuta maka 'bai iya ba' da jan biro, suka aiko gida, aka karanta wa kowa."