Hular da Ta Yi wa 'Yar Lemo Kaɗan

Hula ɗaya ruwan toka, a cikin farar leda. Ƙullin ulu biyu. Man shafawa na ciwon gaɓoɓi. Hoton jaririya a waya. Abin da ke hannuna ke nan a kujerar bayan motar haya, a hanyar gidan Inna Mai Kwarashi. Hular tata ce. Mayar mata zan yi.

Shagon Inna ba shi da ƙofa, a cikin waya yake. Aikin kuwa a wani ɗan ɗaki ake yin sa, mai taga ɗaya da kujera mai gajerun ƙafafu. Da hantsi take zama, lokacin da haske ya faɗo kan cinyarta. Ta saƙa hula, ta saƙa safa, da takalman da ba za su taɓa taka ƙasa ba, da bargon goyo. In ta gama, Auta, 'yarta da ke riƙe da wayar, ta shimfiɗa farin ƙyalle a bakin taga ta ɗauki hoto ta ɗora. Da yamma mai babur ya zo ya kwashi saƙo. Shekaru sun fi ashirin tana saƙa. Wayar ce ta zo daga baya.

Tana da dokoki, kuma ba ta lanƙwasa su. Ba ta sayen ulu sai ta goga shi a wuyanta. Ba ta sa maɓalli, ba ta sa dutsen ado. Wata ta taɓa nace wa Auta a kan a jera mata duwatsu a takalmi, don su yi kyau a hoto. Inna ta karɓi wayar ta ce, "'Yata, jariri komai baki yake kai wa. Ki yi haƙuri, ki nemi wani shagon." Matar ta yi fushi, daga baya ta dawo ta sayi bargo. Mai babur ya ba ni labarin ranar da Inna ta kira shi ya juyo daga rabin hanya, don ta tuna akwai bakin zare da ba ta ɓoye ba a cikin safa. Ya ce har yau in wayarsa ta yi ƙara yana tafe, sai ya fara rage gudu.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba.

A ƙarƙashin kujerarta akwai wani gwangwanin biskit. Abin da ke ciki bai taɓa hawa shafin shago ba. Huluna ne na bakwaini, ƙanana, waɗanda take aunawa a kan lemo. Ba ta sayar da su. Aro take bayarwa, da sharaɗi ɗaya: ran da hula ta yi wa mai ita kaɗan, a dawo da ita. Ta wanke, ta dafa a ruwan zafi, ta shanya, ta jira na gaba. Na tambaye ta me ya sa ba ta bar wa mutane. Ta ce, "Ba hular nake bi ba. So nake in ji mai ita ya girma." Wadda ba ta dawo ba, ba ta taɓa kira ta tambaya.

Ni ban daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba lokacin da ƙanwata ta haihu, wata biyu kafin lokaci. Kayan jariran da na cika akwati da su duk suka yi yawa. Hula mafi ƙanƙanta ta rufe har haɓa. Yarinyar kuwa zafin jikinta ta kai yake fita. Wata nas ce ta ba mu lambar Auta. Kafin rana ta faɗi, mai babur yana ƙofar asibiti da farar leda. Hular ta zauna daram. Daga nan muke kiran yarinyar 'Yar Lemo.

Yanzu wuyan hannun Inna ya gaji. Likita ya ce ta ajiye kwarashi. Auta ta riga ta sanar a shafi cewa shago ya rufe, kuma tana so a kai gwangwanin asibiti gaba ɗaya, a huta. Hula tana tsufa, wata ba ta dawowa. In ba mai ƙara sabuwa, gwangwani zai koma na biskit. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Na same su suna ɗaure ragowar ulu a kwali.

"Bature, ka iso? Me ka riƙo mana?" in ji Inna.

Na miƙa ledar. Ta zaro hular, ta zura yatsu uku a ciki, ta ga yadda bakin ya saki.

"Kun matsa mata ita da ƙarfi."

"Uwar ce ba ta so a cire, Inna."

Na nuna mata hoton. Ta nisanta wayar daga idonta, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai ta tashi daga lemo, ta koma kankana. Kan kawunta ta ɗauko."

Auta ta yi dariya, sannan ta ga ulun da na ajiye. "Yaya, mutum ana raba shi da abu, kai kana kawo masa?"

"Ƙanwata ce ta aiko. Ta ce in Inna za ta nuna mata saƙar, nata hannun lafiya lau."

Inna ta ninke hular ta sa a aljihu.

Inna, ke ce mai awo da lemo. Ke ce kika suturta kawunan da kasuwa ba ta san da su ba. Ba ki sa sunanki a jikin ko ɗaya ba, yaran kuma za su girma ba su san ki ba. Mu mun sani. Mun gode, Allah ya saka, ya sassauta wa hannun nan. Masu karatu kuma, duk mai sana'a ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa, ya ga ko akwai abin da ya ajiye wanda ba na sayarwa ba. In babu, wuri yana nan.

Da aka fitar da kwalin ƙarshe, Inna ta sunkuya da kanta ta jawo gwangwanin, ta rungume shi da hannun mai lafiya. Auta ta miƙa hannu za ta karɓa, ta kauce. Muka fito. Ta ja ƙofar ɗakin ta rufe.

"Shago ya rufe," in ji ta. "Wannan ba shago ba ne, ba inda za shi. Ka ce wa uwar 'Yar Lemo ta zo ran Asabar, ta yanke farce."