Fararen Kayan Najiya

Zahrun maƙerin zinariya ne a Amara, can Iraƙi, kafin masu bindiga su ce ya zaɓa: ko ya bar addininsa na Sabi'awa, ko ya bar gari. Ya bar gari. Daga can har Sidni ta Ostareliya abu ɗaya ya koya, ya kuma riƙe shi gam: in baƙo ya tambayi addininka, ka ce kai Kirista ne a wuce wurin. 'Ya'yansa sun gaji da gaya masa cewa a ƙasar nan ko dutse kake bauta wa ba mai ɗaga kai ya dube ka. Shi dai amsarsa ɗaya, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi.

Ranar da aka kwantar da matarsa Najiya a asibiti, wata nas mai suna Mele ta tambayi addininsu. Bakinsa ya riga shi, ya ce Kirista.

Da jiki ya yi tsanani, likita ya ce a kira 'ya'ya. Zahrun ya san abin da ya rage. A wurinsu dole a sa wa mutum rasta, fararen kayan ibada, tun yana da sauran numfashi. Kayan suna cikin jakar cefane a ƙarƙashin kujerarsa, ya rufe su da burodi, yana ta jiran ɗakin ya zama ba kowa. Sai ga Mele ta shigo da fada, limamin coci, ita a ganinta alheri ta yi musu.

Kan Zahrun ya ɗaure. In ya yi shiru, za a raka Najiya da addu'ar da ba tata ba. In ya yi magana, ya tona cewa ya yi ƙarya, kuma wa ya san abin da zai sami takardun zamansu? Mele ma gwamnati ce? Asibitin fa? Shekara da shekaru yana ƙasar nan, bai taɓa gane inda gwamnati take farawa da inda take ƙarewa ba.

Numfashin Najiya ya canza. Zahrun ya jawo jakar, burodi ya zube ƙasa, ya dubi Mele.

"'Yata, mu ba Kirista ba ne. Ƙarya na yi miki."

Ya tsaya yana jiran abin da zai biyo baya. Fada ya dafa kafaɗarsa ya fita. Mele ta tambaye shi wanne ake fara sawa, riga ko wando. Shi ke nan fa. Har wani haushi ya taso masa, bai ma san da wa yake jin haushin ba.

Suna ɗaura mata ɗamara Najiya ta buɗe ido. Ta ga fari a jikinta, ta ga baƙuwar fuska.

Ta kira mijinta da alkunyar ɗansu na fari: "Abu Basim, rufe ƙofa. Za su gani."

"Sun gani, Ummu Basim. Ba komai."

Ta dube shi kamar wanda ya zautu. Ya tashi ya rufe mata ƙofar.