Gaisuwar da Ya'u Ya Yi a Teku

Duk mai sayen masa a wurina a unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki, ya san Ya'u, dogon nan mutumin Yawuri da ke gyaran kifi a shagon kusa da ni. Ana cewa girman kai gare shi, don ba ya fara gaida kowa. Sai ka gaishe shi, ya amsa ciki-ciki. Wane girman kai ga mutumin da ke wuni cikin ƙarni? Ni na san dalili.

A bakin kogi ya tashi, shi ya sa da ya zo ƙasar nan kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya sa shi a jirgin kamun kifi. Wata rana da hantsi suka hango wani kwalekwale daga ɓangaren Sudan, injinsa ya mutu, ruwa na shiga, mutane cunkushe sun lulluɓa da leda don kada a gan su. Mai jirgin ya ce a kira masu gadin teku a wuce, don wanda ya ɗauki marasa takarda shi ma ya shiga uku. Ya'u ya ce kafin su iso ruwa ya gama da su. Ya yi ta naci har aka juya.

Da suka matso, ya hango atamfa irin tamu. Sai ya yi abin da uwarsa ta koya masa, ya ɗaga murya: "Salamu alaikum! Sannunku, 'yan uwa!" Mutane sun daɗe ba su ji muryar gida ba, suka miƙe suka yo gefensa gaba ɗaya. Kwalekwalen ya kife.

Ya faɗa ruwa ya tsamo waɗanda ya iya. Cikinsu akwai wata Batulu. Mijinta Abdulwasi'u bai fito ba. Waɗanda suka tsira aka mayar da su gida, shi kuma aka tsare shi, aka sake shi, mai jirgin ya ce halas, an gama, ya nemi wani aikin. Tun ranar bakinsa bai ƙara fara gaisuwa ba.

Bayan shekaru Batulu ta dawo da takardunta, tana aikatau a Aziziyya. Takan zo Mansur sayen kuka da daddawa. In ta hango shi sai ta tsallaka titi.

Bana ƙirji ya kayar da shi, kafilinsa ya gama masa takardun komawa gida. Ya zauna a bencina ya ce, "Iya, ba na so in tafi da hakkin matar nan a wuyana."

Na tare Batulu ranar Juma'a, ƙafafuna na ciwo, ba ni da ƙarfin lallashi.

"Inna, da ya yi shiru da mijina yana raye," in ji ta.

"Da ya yi shiru irin na mai jirgin, da ke da mijin kifi ya cinye ku, a kawo kifin nan Ya'u ya gyara."

"Haba Inna!"

"Haba me? Mutane nawa suka wuce ku a ruwan nan? Su kin yafe musu don ba ki san fuskarsu ba. Wanda ya tsaya shi kika riƙe."

Ta daɗe tana murɗa bakin mayafinta. Can ta ce, "Ni na fara miƙewa. Mijina kuma ya biyo ni don ya riƙe ni."

Na juya masata, tana neman ƙonewa.

Ta taka zuwa bakin shagon. Ya'u na sunkuye yana kankare kifi, ya gan ta sarai, amma ba zai fara ba.

"Sannu da aiki, Malam Ya'u."

Wuƙar ta tsaya. "Yauwa. Sannu, Batulu."

Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban matse ta ba. Da wannan ya hau jirgin komawa gida. Yanzu wani Bangali ne a shagon, yana gaida kowa tun daga nesa, har ya ishe ni.