Gindin Laimar Mutumin Duza

A kasuwar Anka, gaban rumfar mai walda, wani dogon dattijo yana tsugune da babbar laima naɗe a kafaɗa. Hularsa ta koɗe, tafin hannunsa duk kanta. Yana ta jijjiga gindunan laima da aka jera: bokitin siminti, tsohon wili, tayar mota.

Mai walda ya ce, "Baba, gina rami tsakar gida ka kafa ta mana! Wa ka ɗaukar maka wanga nauyi?"

"Rami? Ɗana, daga Duza nike. Tun da anka kwashe ƙasa mai gubar dalma anka zuba muna sabuwa, ko turke ban kafa ba. Nan jikata ka rarrafe."

Mai walda ya daina dariya, ya mirgino taya cike da siminti, da bututu a tsakiya. Wataƙila dattijon nan ya taɓa sallatar ƙananan gawarwaki.

Dattijon ya zura sandar laimar a bututun, ya buɗe ta, ya girgiza ta da dukkan ƙarfinsa. Ko gezau. Ya sauke doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Yarinya ta samu inuwa, ba a tada ƙasa ba."