Jan zare a safar kakansa

Ni dai hannuna ba ya ganin yagewa ya wuce. Halin nan ne ya kusa raba ni da aikina a unguwar Dokki, a babban birnin Masar, inda nake kula da wani tsoho ɗan ƙasar Ayalan da ya ƙi komawa gida. Kullum nakan hau ƙaramar bas daga unguwar Faisal, in dafa masa abinci, in yi shara.

Wata rana ina kakkaɓe durowa na tsinci safar hannu ta ulu, wari ɗaya, babban yatsan a ɓule. Kafin ya tashi daga barcin rana na ɗinke ta da jan zare, don shi kaɗai ne a jakata.

Da yamma 'yarsa ta bugo daga ƙasarsu, ni kuwa sarkin iyayi na ba ta labari. Sai ta gaya mini asalinta. Ashe safar kakan tsohon ce, ma'aikacin jirgin ruwa da ya ja kaya a kan ƙanƙarar ƙarshen duniya. Shugabannin tafiyar suna cikin littattafai, shi ko hotonsa babu. Abin da ya rage nasa ke nan, na tsoma masa allura. Na tabbata kora ce.

Da safe na ajiye masa ita kusa da shayi. Na ce, "Ma'alish, Baba, na yi maka ɓarna."

Ya sa tabarau, ya juya cikinta waje. Faci biyu ne a ciki, ban lura da su ba. Ya nuna mai kaurin zare ya ce ɗinkin kakansa ne. Ya nuna mai ruwan kaki ya ce na mahaifinsa ne, wanda ya shiga sojan Ingila ya yi yaƙi a hamadar Masar. Da ya koma gida maƙwabta suka daina gaishe shi don ya yi wa waɗanda suka mulki ƙasarsu soja, bai ƙara tayar da zancen ba har ya rasu.

"Duk wanda ya riƙe ta ya ɗinke ta," in ji shi. "Ni ne kawai ragon da ya kulle ta a durowa. Khalas, ya wuce, zauna."

Daɗi ya kama ni, na zauna. Lokacin sanyi ne. Ya zura hannunsa a ciki, ya motsa babban yatsan, ɗinkina bai saki ba. Da hannun ya miƙo mini kofi in ƙara masa shayi.