Gonar da Kaka Ya Bari Ba Shuka

Har gobe in na ji ƙanshin jiƙaƙƙen gero sai shekarar yunwa ta faɗo mini a rai. Kai da aka haifa cikin ƙoshi ba za ka gane ba, amma zauna ka ji.

Ina 'yar ƙarama aka yi mummunan fari a ƙauyenmu, can tsakanin Gagarawa da Gumel. Gidanmu gandu ne, kakana da 'ya'yansa maza duk tukunya ɗaya. A al'adarmu irin shuka yana da ɗan rumbunsa daban, a liƙe bakinsa da laka, ko yunwa za ta kashe mutum ba a taɓa shi. Kaka ya rantse da Allah a gaban kowa, wanda duk ya fasa lakar nan zai bar masa gida.

To, babana ne ya fasa. Innata na kwance da jego, nono ya ƙafe, jaririn ko kuka ba ya iyawa. Ya riƙa ɗiba yana jiƙa mana, har iri ya yi rabi kafin baffannina su lura. Wayyo, ranar na ga tashin hankali! Suka ce a cika rantsuwa, su ma ai suna da 'ya'ya. Kuma wallahi gaskiyarsu ce.

A lokacin akwai wani baƙo a zaurenmu, tsohon soja daga kudu, Kirista, yana yashe mana rijiya. Shi ne Kirista na farko da na taɓa gani, har leƙa shi nake in ga yadda yake cin tuwo. Na kai musu ruwa na tarar Kaka ya dafe kai yana cewa, “In na kore shi na kashe jikokina. In na bar shi na zalunci 'yan'uwansa.”

Baƙon ya ce, “Baba, a karatunmu Allah ba ya kau da kai daga laifi, sai an hukunta. Amma don tausayi sai hukuncin ya sauka a kan Almasihu maimakon mai laifin.”

Kaka ya ce, “A'a, malam, mu a wurinmu kowa kayansa yake ɗauka.” Sai dai na ga ya daɗe yana kallon ƙasa.

Da ruwan farko ya sauka, ya tara gida. Ya ce rantsuwarsa zai yi mata kaffara da azumi, kamar yadda liman ya faɗa masa. Sannan ya raba sauran irin, ya cika wa baffannina rabonsu cif, ya ba babana kaɗan, shi kuwa bai ɗauki ko ƙwaya ba. Ya ce abin da aka ci daga nasa aka ci.

Gonar Kaka tana bakin hanya. Duk daminar nan ta tsaya cikin ciyawa, kowa ya wuce ya san dalili, kuma ta nan babana yake bi safe da yamma. Na taɓa jin ya ce wa innata, “Da korata ya yi da ya fi mini sauƙi.” Tsoho ga azumi ga yunwa, ga shi ya ƙi karɓar lomar kowa fiye da ta yaro. Bai ga girbin shekarar ba, Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu iri a kasuwar Maigatari ake saye, jikokina dariya suke in na ba su labarin rumbun laka. Ni kuwa na tsufa ban warware ba. Maganar baƙon ce ta shige shi, ko zuciyar uba ce kawai? Adalci aka yi, ko tsoho aka zalunta don mu rayu? Allah ne masani, ni abin yana damuna.

Babana ya gaji gonar nan, ya nome ta har ƙarfinsa ya ƙare. Duk shekara sai ya rabar da amfaninta kaf ga mabukata, bai taɓa yarda ƙwayarta ɗaya ta shiga bakinsa ba.