Tawadar Da Na Ƙi Zubarwa

A lokacin da abin nan ya faru, ina da ɗan shago a jikin gidanmu a Badarawa, ina buga takardu, ina yin fotokwafi, ina wanke hoton fasfo ga masu neman makaranta da masu neman aiki. Ni kuma mace ce mai tsimi, tsimin da ya wuce misali. Robar man shafawa ba ta barin gidana sai na yanka ta biyu na lakace cikinta. Maigidana yakan ce da ana iya wanke ashana a sake ƙyasta ta, da ni zan fara. In ya faɗi haka daɗi nake ji, wallahi, a ganina yabo ne. Yau ga shi karo na huɗu ke nan ina rubuto muku wannan wasiƙa. Ukun farko duk na yaga su, don da na kai tsakiya sai in miƙe in kama shara ko goge-goge, zama ya gagare ni.

Tsohuwar firintata irin wadda ake ɗura wa tawada da sirinji ce. Da ta gaji ta mutu, na sayi sabuwa mai tanki, wadda ake tsiyaya wa tawada a wasu ƙananan tankuna huɗu da ke gefenta. Wanda ya sayar mini ya ja mini kunne sosai. Ya ce kada in kuskura in zuba mata wata tawada in ba tata ba, domin haɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma duk tawadar da ta daɗe a buɗe ta lalace ko da ido bai gani ba. Na ce masa to, amma a raina cewa nake ɗan kasuwa ne kawai, so yake in riƙa dawowa wajensa. Ai tawada tawada ce. Ga ni kuma da ragowar ta tsohuwar firinta a gorunan ruwa huɗu, baƙa da ja da shuɗiya da rawaya, sun fi shekara biyu a kan kanta kusa da taga, rana na dukansu kullum. In zubar? Haba, ina!

Da tawadar da ta zo da sabuwar ta yi ƙasa, sai na sauko da gorunan. Bakin tankin ma bai yi daidai da su ba, don kwalbarsa kaɗai aka yi shi, amma hakan bai hana ni ba, na ɗauko tsohon sirinjina. Jar ta yi kauri kamar kunu, na tsiyaya mata ruwan leda na girgiza. Na buga gwaji, ya fito tas. Har maigida na kira ya zo ya gani, ina ta cika baki.

A cikin makon ne wani direban tifa ya shigo shagon. Mutumin Zamfara ne, yana zaune a Kinkinau, yana ɗibar yashi. Yakan tsaya wajena jefi-jefi ya yi fotokwafin takardun mota, kullum da ladabinsa, Hajiya kaza, Hajiya kaza. Ranar ba takardun mota ya kawo ba. Wata 'yar leda ya ciro daga aljihun gaba, a cikinta akwai hoto da bai kai tafin hannu ba, na wata matashiya da koren ɗankwali. Ya ce matarsa ce, ta rasu wajen haihuwar 'yarsu shekara tara da suka wuce, kuma duk duniya wannan ne kaɗai hotonta, sauran kayansu sun salwanta lokacin da suka baro ƙauye ba shiri. Yarinyar ta fara damunsa da tambayar yadda uwarta take, shi ne yake so in ƙara wa hoton girma, ya sa a firem ya rataya mata a ɗaki.

Hoton ya sha zufa da damina har ya manne da ledar. Na ɗauke shi da sikana a cikin ledarsa, na zauna kusan awa biyu ina gyara launinsa a kwamfuta. Can sai karambani ya ɗebe ni, na ce bari in ɓare ledar in sake ɗauka don ya fi fitowa. Ina ja, fuskar ta biyo ledar. Innalillahi! Shi kuma yana tsaye yana kallo. Na yi maza na buga masa wanda na gyara a babbar takarda mai sheƙi, kuma gaskiya ya yi kyau. Ya riƙe shi da hannu biyu, idonsa ya ciko. Don in wanke kaina, na ce kada tsohon ya dame shi, wannan sai jikokinsa sun gani, kuma kwafinsa na nan a kwamfutata duk ranar da yake so. Ya yi ta sa mini albarka. Wayarsa 'yar ƙarama ce da ba ta karɓar hoto, ni kuma ban yi tunanin ajiye shi a filash ko a wayata ba.

Ba a yi wata biyu ba firinta ta fara jan layi-layi, daga baya jar ta ƙi fita sam. Mai gyara ya ce bakin da ke fesa tawadar ne ya toshe, ya tambaye ni me na zuba mata, na yi masa ƙarya. Bayan nan kwamfutar ma ta fara daskarewa, ya ce sai an goge ta gaba ɗaya. Mutane na jirana a shago, na ce ya goge kawai, ko tsayawa tunani ban yi ba. Sai ranar da wata ɗaliba ta dawo mini da hotunan fasfonta sun koɗe sun yi kore-kore, a ranar ne direban nan ya faɗo mini a rai. Tun daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba. Tifa na wucewa sai in leƙa. In ɗauki aiki in ajiye, in shiga gida in fito, in yi wa yara faɗa ba dalili. Ba ni da lambarsa, amma da na so nemansa ai da na same shi a wajen masu yashi. Tsoro ne ya hana ni.

Bayan wata bakwai ya zo, da firem ɗin a hammata naɗe cikin buhu. Ya buɗe mini shi a kan tebur. Alamar ɗankwalin na nan, kafaɗu na nan, amma inda fuska take babu komai sai wani dishi-dishi rawaya. Abin da ya fi ci mini rai, haƙuri ya shiga ba ni. Ya ce laifinsa ne da ya rataye shi daidai taga, in taimaka in sake buga masa daga kwamfuta. Na ce firinta ba ta da lafiya, ya dawo bayan kwana uku. Kwana ukun nan ban zauna ba. Na zazzage kowace durowa, na sa kowane filash da ke shagon, na duba tsohuwar wayata hoto bayan hoto alhali na san babu shi a ciki. Sau biyu ina ɗaukar kwamfutar a keke napep zuwa wajen mai gyara, ya yi iya ƙoƙarinsa, a ƙarshe ya ce abin da aka goge aka kuma cika da wasu ayyuka ba ya dawowa.

Da direban ya dawo, na gaya masa komai, har da gorunan da ruwan ledar. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Amma sai ya ce haka Allah Ya ƙaddara. Har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo. Ya ce an kwatanta masa wani mai zane da hannu, yana so ya je wajensa, to tunda ni na daɗe ina kallon fuskarta, ko na tuna a wane kumatu ɗan ɗigon baƙin nan nata yake, dama ko hagu? Don shi kansa, in ji shi, ya fara kokwanto. Na rufe ido na yi ta lalube. Ban tuna ba. Bai sake shigowa shagona ba.

Na ɗauka tsimi hali ne na kirki, kuma har yau ban ce ɓarna abin yi ba ce. Amma ni da abin wani na yi tsimin, na kuma ɗora alkawarin da ban san gaskiyarsa ba. Don haka 'yan uwana masu irin sana'ata, ku ji ni. Tawadar da ta kwana biyu ku zubar da ita, kada ku zuba wa firinta mai tanki abin da ba nata ba, domin ranar farko duk aiki kyau yake yi, sai daga baya yake tona asiri. In aka kawo muku abin da babu na biyunsa, ku ajiye kwafinsa wuri biyu kafin ku taɓa shi. Firinta na sayi wata, ɗalibar na sake mata fasfonta. Yarinyar nan kuwa yanzu ta kusa shekara goma sha biyu, ba ta da inda za ta ga fuskar uwarta, kuma ni ce sanadi.